Gawarwakin da Ke Tsalle a Shagon Waziriyya

Gwadabe ya zo Hajji daga Gumel a 1979, da niyyar komawa kafin shuka. Shukar da bai gani ba ke nan. Ya yi dako a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, har bayansa ya ƙi, ya yi gadi, ya yi aure, ya binne matar. Da tsufa ya kama shi sai ya samu zaman tsaron wani shagon wasan bidiyo a unguwar Waziriyya, ba takardar zama ta iƙama, ba kafili mai tsaya masa, sai ciwon suga da kumburarrun ƙafafu.

Akwai wani wasan 'yan Sin da samari suka mace a kansa. Gawarwaki ne ke fitowa suna tsalle, hannuwa a miƙe, da takarda manne a goshi, kai kuma ka bi su da sara. Gwadabe ya tsane su, aljanun banza yake ce musu.

Wata rana Abdulghaffar, Musulmi ɗan Sin mai gyara musu na'urori, ya ji shi. Cikin gurgun Larabcinsa ya ce ai ba aljanu ba ne. A labarin kakanninsu, 'yan ci-rani ne da suka mutu nesa da gida. Sai wani malami ya manna musu laya a goshi, ya shige gaba yana kaɗa ƙararrawa, su biyo shi ta cikin duwatsu har garinsu a binne su. Tsallen kuwa, gaɓoɓi ne suka sandare.

"Suna isa?" in ji Gwadabe.

"A labarin dai suna isa."

Maganar nan ta tsaya masa a rai, don shi ma abin da yake so ke nan: a kwantar da shi kusa da mahaifiyarsa, wadda ta rasu tana tambayar yaushe zai dawo. Amma wa zai faɗi haka a Jidda? Da ya gwada gaya wa 'yarsa Mastura, haifaffiyar nan, sai ta riƙe baki.

"Haram, Baba. Mutane kuka suke yi Allah ya kashe su a ƙasar nan, kai kana neman Gumel? Khalas, ya isa, bar maganar."

Bai bari ba. Ya je ya zauna ƙarƙashin gadar da marasa takarda ke taruwa don a kwashe su a mayar gida. Da motoci suka zo aka yi rububi, masu ƙarfi suka shige, shi ko tsayuwar kirki bai iya ba. Mastura ce ta kwaso shi a tasi, yana hawaye kamar yaro.

Yanzu idan samari sun tafi sallar la'asar, yakan ɗan jinkirta, ya ɗauki abin dannawar ya riƙe kawai, ba ya saran kowa. Gawarwakin su tattake jarumin wasan su wuce, shi kuwa yana ce musu yalla, ku yi sauri. Sai allon ya yi baƙi, ya sake haske, ga su can inda suka faro.