Tsokar Baba Muntaka Tana Kano

Ran kasuwar Ɗanbatta, cikin watan Janairun 2023, Malam Tasi'u akawun asibiti ya fara ganin tsohon. Muntaka sunansa, manomin albasa daga Watari, dogo siriri. Garin taba na ƙunshe a kuncinsa na hagu, don na dama ya yi gyambo. Da alama a ganinsa taba ce ke bukatar sabon masauki.

An yanki 'yar tsoka daga gyambon an kai Kano. Sakamako ya nuna ciwon daji ne, kuma sinadarin da yake narkar da naman kewaye da shi ya yi yawa. Likita ya ce a gaggauta aiki.

Shi ba wannan ya dawo da shi ba.

"Malam, ina tsokata? Ni ko farce na yanke sai na binne shi."

"Baba, tana Kano ana nazarinta. Kai ma can ake nemanka."

"Ikon Allah! Ta riga ni shiga jami'a? To, bari in cire albasa tukuna."

Albasa ta yi kyau a shekarar. Kafin ruwan farko aka binne shi. Tsokar tana Kano har yau, ɗalibai na bin layi su leƙa ta.