Bugun Kaɗen Dada Larai na Ƙarshe

Shekara arba'in Dada Larai tana yin man kaɗe a wani ƙauyen Sabuwa. Da 'yan bindiga suka hana shiga daji tsintar kaɗanya, sai ta koma Faskari wurin ɗiyarta Shafa'atu, malamar kimiyya. Zama ba aiki ya dame ta, har ta rage magana.

Wata rana ta tarar da Shafa'atu tana zana ɗigo-ɗigo masu jela, jeri biyu. Ta tambaye ta ko mene ne.

"Dada, jikinmu ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. Kowace tana lulluɓe da siririyar fatar mai. Kan man yana son ruwa, jelar tana gudunsa, shi ya sa suke jeruwa haka."

Dada ta ce, "Ni ma in ina bugun kaɗe cikin ruwa, man haɗuwa yake ya taso."

Shafa'atu ta roƙe ta ta nuna wa ɗalibanta. Dada ta je da ƙwarya da ragowar kaɗanyar da ta gudo da ita, ta buga a gabansu. Ta rasu kafin damina ta faɗi, aka binne ta a Faskari.