Ranar da Malam Gimba Ya Riƙe Yafiyarsa

Duk wanda ya taɓa kai yaro firamaren da ke bayan Stockport Road a Levenshulme, nan Manchester, ya san Malam Gimba, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan mai rigar ruwa ruwan ɗorawa, da ke tsayar da motoci da sanda mai faifai don yara su tsallaka. Council, wato ƙaramar hukuma, ita ta ɗauke shi aiki, shekara goma sha ɗaya ke nan. In ya shiga tsakiyar titi, ƙafa a haɗe, ƙirji a buɗe, ko direban bas ba ya musu da shi. Sai ka lura sosai za ka ga da hannun dama kaɗai yake ɗaga sandar. Na hagun ba ya wuce kafaɗa.

Aminin maigidana ne, marigayi Malam Sa'id. Shekaru da dama yana zuwa mana cin tuwo ranar Lahadi, kuma bayan rasuwar bai yar da ni da 'yata Aliya ba. Ba shi da surutu. Abu ɗaya ke buɗe masa baki, labarin duniya. Akwai wata 'yar rediyo da ba ta barin aljihunsa, in aka ce an kama wani tsohon shugaba za a kai shi kotu a Hague, ranar tuwonsa sai ya huce a gabansa.

Na taɓa jin su daga kicin yana ce wa maigidana, "Sa'idu, bayan yaƙin duniya an zaunar da manyan Jamus a gaban alƙalai, kuma sun cancanta. Amma da su suka ci yaƙin, wa zai zaunar da su?" Ya ce ubansa ya je wa Turawa yaƙin Bama, ya dawo da lambar yabo da tari, har ya mutu ba wanda ya gaya masa abin da mutanen Japan suka yi masa.

Nasa labarin kuwa ba daga bakinsa na ji ba, maigidana ne ya ba ni, shi ma a gutsure. Kofur ne a soja, direba. A zamanin mulkin soja aka yi yunƙurin juyin mulki bai yi nasara ba, aka shiga kame. Shi da abokin ɗakinsa, wani Kirista mutumin Filato mai suna Chollom, laifinsu shi ne sun tuƙa mota zuwa inda aka ce su kai ta. Wani manjo ne ya yi musu tambayoyi. A hannunsa aka rataye Gimba ta hannuwa har kafaɗar ta goce. Gimba ya yi shekara huɗu a tsare aka sallame shi. Chollom kuwa wata safiya aka fita da shi tare da wasu, aka harbe su. Ba a ba kowa gawa ba, ba a faɗi inda aka sa su ba.

Chollom ya bar 'ya mai shekara huɗu, Catherine. Yanzu nas ce, tana zaune a Rusholme. Ita ta nemo Gimba da kanta, tana ce masa Baba, ni kuma Mama. Uwarta ta mutu tana tambayar kabarin mijinta. Catherine ta rubuta wasiƙu har ta gaji, ba amsa. Ta ce mini ba kotu take nema ba, wuri take so ta tsaya ta ce nan ne.

To, a farkon hunturun bara Rabi'a ta kira ni daga Birmingham. Matar Dokta Junaidu ce, suna Small Heath, karatun mata ya haɗa mu. Ta ce an kawo surukinta jinya daga gida, ciwon daji ne, likitoci sun ce a mai da shi gidan ɗansa a jira ikon Allah. Tsohon yana ta lissafa mutanen da yake so su yafe masa, an kira na waya, sai ya ji labarin akwai wani Gimba a Manchester.

Ta ce, "Tsohon yaronsa ne a soja. Shi wannan ya ce ba ta waya ba, ido da ido yake so. Maman Aliya, ki taimaka, lokaci ya ƙure."

Na ce, "Haba Rabi'a, wannan ai ba abin roƙo ba ne. Zai zo, zai yafe."

Haka muka tashi muka gani. Mai jinya in ya ce a yafe masa, ba a bari ma ya kai ƙarshen magana, sai a ce ba ka yi mini komai ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ban taɓa ganin wanda ya ƙi ba. Kuma maigidana bai taɓa gaya mini sunan manjon ba.

Na same shi a bakin titi bayan an tashi yara, yana naɗe rigar ruwansa. Na gaya masa.

"Wane ne sunansa?"

"Alhaji Salihu. Kanal ne, ya yi ritaya."

Bas biyu suka wuce. Na ga yana naɗe rigar yana warwarewa, yana sake naɗewa. A nan jikina ya ba ni.

"Me kika ce musu?"

"Na ce za ka zo." Sauran ban iya faɗa ba, amma ya gane.

Ya ce, "Za ni. Ba ni kaɗai ba. Ke ma za ki, tunda bakinki ne ya riga nawa."

Ranar Asabar da hantsi muka hau babbar hanyar M6 a motar Catherine, ana yayyafi. Gimba ya sa farar riga da hula, ya goge takalmi har yana ɗaukar ido.

"Baba, ka sha maganin BP ɗinka?"

"Ke dai dubi gabanki. Wa ya koya miki bin bayan tirela haka? Ubanki da ya ga wannan tuƙin da ya sauke ki."

"Ai da ya tsaya ya koya mini."

Muka wuce garin Stoke. Can Catherine ta ce, ba ta kalli kowa ba, "In ya ƙi faɗa fa? Ko mu tarar ba ya magana?"

Gimba ya ce, "Kada ki buɗe baki sai na ce. Abu ɗaya yake so a wurina, shi kaɗai gare ni."

Ni ina baya ina jan carbi, ina roƙon Allah kada mu tarar da gawa, kada kuma a yi abin kunya a gidan mutane.

Gidan irin jerin gidajen nan ne masu haɗe da juna, takalma cike da ƙofa. An fitar da kujerun falo an sa gadon asibiti. Dokta Junaidu ya tare mu da fara'a, ya riƙe hannun Gimba da hannu biyu. Ya ga Catherine da 'yar sarƙar gicciye a wuya, ya ɗauka mai kula da Gimba ce, ya nuna mata kujera a bakin ƙofa. Akwai dattijai biyu daga masallacin unguwa zaune a kan darduma.

Na zaci zan ga ƙato. Wani ɗan tsoho na gani, kamar yaro a cikin bargo, robar iska a hanci, carbi a naɗe a hannu. Idanun ne kawai ba su tsufa ba.

Ya ce, "Gimba direba."

"Kofur Gimba, yallaɓai."

"Ka ga yadda Allah ya yi da ni. Abin da ya shiga tsakaninmu, ka yafe mini. Aiki ne. Mu ma umarni aka ba mu."

Dattijan har sun ɗaga hannu. Rabi'a ta fara cewa amin. Gimba yana tsaye a ƙafar gado, hannu a gefe, kamar an dasa shi. Injin iskar nan kaɗai ke huci.

Junaidu ya ce a hankali, "Baba Gimba?"

"Me ya shiga tsakaninmu, yallaɓai? Faɗe shi, 'ya'yanka su ji abin da zan yafe."

Junaidu ya matso. "Baba Gimba, please. He's very weak. Ba lokacin wannan ba ne."

"Likita, sama da shekara talatin ina jiran lokacin. Yaushe ne, in ba yau ba?"

Ɗaya daga cikin dattijan ya ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Mutum yana bakin kabari."

"Ina jin tsoronsa, Alhaji. Shi an san inda za a haƙa nasa, za a sa suna, jikoki su zo. Waccan yarinyar ba ta san inda na ubanta yake ba." Ya nuna Catherine. "'Yar Kofur Chollom ce. Ka gaya mata inda kuka sa shi."

Tsohon ya juya fuska ga bango. Rabi'a ta dube ni, ido cike da hawaye, ta ce, "Maman Aliya, ke kika ce mini..." Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce, "Na faɗa ban sani ba, Rabi'a." Iyakar abin da na iya ke nan.

Junaidu ya je ya buɗe ƙofar falo ya riƙe. "Mahaifina soja ne, ya bauta wa ƙasarsa. Ba zan bari a zo har gadonsa a yi masa shari'a ba. Ku tafi, don Allah."

Gimba bai motsa ba. Catherine ta miƙe, jakarta a ƙirji. Na ga ta kusa fita, na kama gefen rigarta.

Sai muryar ta fito daga wajen bango. "Rufe ƙofa, Junaidu." Ya ja numfashi. "Wanne ne Chollom?"

Ban san dalili ba, wannan tambayar ta fi komai tsaya mini. Catherine ta ciro hoto daga jaka, wani saurayi da kaki yana dariya a jikin mota, ta kai masa har gaban ido. Ya daɗe yana dubawa.

"Ban gane shi ba. Suna da yawa."

Gimba ya ce, "Rukuni na biyu. Ranar Juma'a, an kwana ana ruwa. Kai ka karanta sunayen a bakin ƙofa."

Tsohon ya rufe ido. Na ɗauka shi ke nan, ya tafi da abinsa. Junaidu ma ya matso ya kai hannu wuyan tsohon. Can leɓen ya motsa.

"Bayan filin harbi. In ka gangara wajen rafi. Akwai ɗorawa guda biyu." Ya tsaya, ya yi tari. "Rami ɗaya ne. Katafila ta haƙa. Na farko suna hagu, su suna dama, kusa da ruwa. Daga baya na ji an yi gidajen ma'aikata a wurin."

Catherine tana rubutawa a bayan hoton, biron yana zamewa. Ta manta da abin da aka ce mata, ta ce, "Ya ce wani abu? Kafin..."

"Ban tsaya kusa ba. Akwai ɗaya da yake waƙar coci. Ban sani ba ko shi ne."

Junaidu ya zame ya zauna a ƙasa, a bakin ƙofar da ya buɗe. Ashe bai taɓa ji ba. Dattijan suka sunkuyar da kai.

Gimba ya matsa kusa da gadon. "Kafaɗata da shekaruna huɗu, na yafe, duniya da lahira. Don Allah na yi." Tsohon ya lalubo hannunsa, ya bar shi ya riƙe. "Amma na Chollom ba nawa ba ne, yallaɓai. Ba zan ba da abin da ba nawa ba."

Ido duk ya koma kan Catherine. Ta sa hoton a jaka ta ja zif. Robar iskar ta zame daga hancin tsohon tun da ya yi tari, ba wanda ya lura, har likitan. Ta sunkuya ta gyara masa, ta maƙala ta bayan kunne yadda suke yi a asibiti. Ta ce, "Na ji abin da ka faɗa. Na gode da ka faɗa." Ta jira kaɗan, kamar wata maganar za ta biyo, sai ta juya ta fita. Muka bi ta.

Tsohon ya rasu ranar Laraba. Gimba ya hau jirgin ƙasa ya je aka yi sallar da shi, ya dawo a ranar.

Bayan Ista Catherine ta ɗauki hutu ta tafi gida. Sati guda tana zirga-zirga kafin a bar ta ta shiga barikin sojan. Ta turo hoto a waya, Gimba ya kawo mini na gani. Gidajen bulo ne a jere, an shanya kayan yara a igiya, ga tankin ruwa. Ɗorawa ɗaya ce ta rage. Ta ce ba ta iya gane hagu da dama ba, don rafin ya ƙafe an cike shi. Matar gidan ƙarshe ta tambaye ta wa take nema, ta gaya mata. Matar ta shiga ciki ta kwashe shanyar, ta fito mata da kujera, ta zauna har la'asar.

Gimba ya ƙara girman hoton da yatsa, yana bin gangaren a hankali.

Na ce, "Ta yafe masa kuwa?"

Ya mai da wayar aljihu. "Ban tambaye ta ba."