Dutsen Murhun Kaka Azara

Matso kusa, jawo wannan kujerar ka zauna. Akwai maganar da ta daɗe tana cina, yau nake so in sauke ta.

A unguwar Moshi Zongo ta Tamale na tashi, a gidan yawa, irin gidan da in ka yi tari a ɗakinka sai mutum biyar su ce maka sannu. Kakata ta wajen uwa, Kaka Azara, ita ce mai ɗakin ƙarshe, gindin darbejiya. Da an sallame Magariba an sauke tukunyar tuwo, ba ta barin wuta ta mutu. Sai ta ƙara guntun itace, ta binne doya a toka, mu jikoki mu kewaye ta, kowa yana gadin yankin da ya sa wa ido. Daga nan sai ta ce, "To, ku ara mini kunnuwanku, in na gama zan mayar muku." Mu ce mun ara.

Murhunta duwatsu uku ne. Biyu jajaye, irin marmarar Tamale da ke ko'ina. Na ukun baƙi ne sumul, girman ƙwaryar fura, kuma ba a wasa da shi. Wata rana na ɗora ƙafa a kai ina jin ɗumi.

"Adiza, sauke ƙafarki daga kan dutsen mutane."

"Kaka, ai naki ne."

"Nawa? Ji baki kamar na 'yar koko. Ni wa ya ba ni dutse? Aro na yi."

A ranar ta ba mu labarinsa, kuma ta ci gaba da maimaita shi har na iya shi kamar sunana.

Garinsu, in ji ta, sunansa Mashigi, can arewa bayan an tsallake iyaka, a bakin wani babban kogi. Gari ne na kasuwa: kifi, albasa, gishiri, tabarmi. A zamanin da, mahara kan zo da jiragen ruwa ranar kasuwa, su kwashi kaya su kwashi mutane. Da abin ya ishi garin, sai aka yanke shawarar gina ganuwa a kan tsaunin da ke bayansu. Maza suka hau suna gini, mata suka yi layi tun daga bakin ruwa har ƙololuwa, suna miƙa duwatsun kogi hannu da hannu. Kowane gida da ɓangaren da ya gina. Aka yi ƙofa, aka yi hasumiyar tsaro, aka yi rumbuna. Mahara suka dawo suka tarar da kasuwa babu kowa, sai duwatsu suna sauko musu daga sama.

Da zaman lafiya ya samu, mutane suka gaji da hawa da tulu, suka koma bakin ruwa, ganuwa ta zama kufai. Sai wata yarinya za ta yi aure nesa, tana kuka wai za ta manta garinsu. Uwarta ta hau tsauni ta ciro dutse ɗaya daga ɓangaren gidansu, ta ce ta yi murhu da shi, amma aro ne, ranar da ta bar duniya 'ya'yanta su mayar. Kowa ya ɗauki al'adar. Sai dai wasu suka riƙa karɓa ba sa mayarwa, har ganuwar yamma ta buɗe baki. Wata shekara kogi ya cika ya ci garin, mutane suka gudu sama da awakinsu. Ta wannan giɓin kuraye suka shigo. Nan Kaka kan tsaya ta juya doya. Ba ta taɓa gaya mana ko awaki kaɗai suka ɗauka ba.

Wani kawunmu mai karatu ya taɓa ce mata wannan camfi ne. Ta ce, "Malam, ni ban ce dutse yana ji ko yana gani ba. Na ce ba nawa ba ne. A littafinku an ce a riƙe kayan aro?"

Ni ta zaɓa, don ni ce kullum a gindinta. Tana ciwon ajali ta kama hannuna ta ce, "Adiza, ke ba ki son fita, na sani. Ko kasuwar Aboabo nan kusa aka aike ki sai kin yi fushi. Amma tafiya ɗaya nake roƙonki, ki mayar da dutsen nan." Na ce yoo, Kaka, na ɗauka. Da bakina na faɗa.

Lokacin ina da goyo, na ce sai yarinya ta yi tafiya. Da ta yi tafiya na ce sai bayan damina. Bayan damina wani cikin ya zo. Muka koma girki da kolpot na gawayi, daga baya aka sayi gas, murhu ya tashi daga aiki. Dutsen ya koma abin tare ƙofa, ya koma abin wasa wuƙa, ya koma gindin darbejiya. Kullum ina ganinsa, kullum ina ce masa a zuci, saura kaɗan.

Ga inda ba na son faɗa. Ƙanena Isa ya tashi gina ɗaki a inda ɗakin Kaka yake. Magina suna tattara duk dutsen da ke tsakar gida don cike tushe. Ina zaune ina suyar ƙosai, na ga baro ya wuce ta gabana, na ga baƙin dutsen a saman jajaye. Mai ya yi zafi, masu saye suna tsaye. Na ce bari in kwashe wannan zubin in je in ciro shi. Da na waiwaya an zuba siminti. Ba a ɓoye mini aka yi ba. Ina kallo.

Shekaru suka tafi. Bara 'yata Memuna za ta tare a gidan mijinta a Gurugu, muna haɗa tukwane, sai ta ce, "Mma, wai ina dutsen Kaka da kike ba mu labari? Kin kai shi?" Na ce ta miƙo mini murfi. Kwana uku abinci bai yi mini daɗi ba.

Sai na yi dabarar da har yau nake jin kunyarta. Na hau yelo-yelo, keken nan mai ƙafa uku, na je Jisonayili inda ake gine-gine, na zaɓi dutse mai girman wancan. Na kawo gida na yi mako ina hura masa wuta da ɗanyen itace, ina shafa masa baƙin tukunya, har ya yi baƙi ƙirin. Na naɗe shi a tsohon zane, na ce wa Memuna ga shi na gano. Ta ce za ta raka ni.

Kwana biyu muka yi a hanya, lori uku. Ni da ban taɓa wuce Savelugu da ke nan kusa da mu ba. Mashigi yana nan kamar yadda Kaka ta faɗa, ƙarnin kifi, tulin albasa, jiragen ruwa a jere, sai dai yanzu da injina a gindinsu. Da na ɗaga kai, sai ga tsaunin.

Aka haɗa mu da wata tsohuwa, Iya Dije, wadda gidansu ke kula da kufan. Ta ɗebi ruwan kogi a buta, ta shige gaba ba ko sanda, ni ina haki a baya. A sama, ƙofar ta faɗi, hasumiyar ta rage rabi, kuka ta tsiro a tsakiyar wani rumbu, ƙadangaru suna shan rana. Kasuwa tana can ƙasa ƙanƙanuwa, kogi ya lanƙwasa ya rungume ta. Amma abin da ya tsayar da ni ganuwar ce. Duwatsunta masu launin toka ne, sai ka ga baƙi nan, baƙi can, kamar zanen zabuwa. Memuna ta tambaya. Iya Dije ta ce, "Waɗanda suka dawo ke nan. Kowane baƙi mace ce da ta yi girki a wani gari."

Ta tambayi sunan Kaka da na ubanta. Ba ta yi dogon tunani ba, ta kai mu wani ɓangare ta nuna rami a jikin ganuwa, hannu biyu za su shiga. "Ga gurbin Azara. Innata ce ƙawarta. Tun ina yarinya take cewa kada a toshe, nata zai zo."

Ashe ba a mayar da dutse sai an wanke shi da ruwan kogi. Wannan Kaka ba ta gaya mini ba, ko ta faɗa ina kallon doya. Iya Dije ta tsuguna ta zuba ruwa tana cuɗawa da tafin hannu. Baƙin ya fara bin ruwa. Ja ya leƙo. Ta ƙara zubawa, ya ƙara ja, marmarar Tamale tsirara a gaban mutane.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗiyata, hayaƙin shekara hamsin ba ya wankuwa. Wannan bai taɓa ganin kogin nan ba."

Memuna ta ce, "Mma?" Kalma ɗaya. Na zauna a ƙasa na faɗi gaskiya, har da baro, har da ƙosai.

Na roƙi tsohuwar ko za ta bari a sa shi haka, ko in ɗauko wani daga kogi. Ta girgiza kai. "Marmara ruɓewa take yi, ta ja na kusa da ita. Na kogi kuwa yana da yawa, da toshewa muke so ai da mun toshe tuntuni. Wanda ya fita muke jira. Ba ki ce ya ɓata ba, kin ce kin san inda yake." Ta ba mu ruwa muka sha, ta tambayi yadda Azara ta tsufa, ko ta ci gaba da tsiwa. Na ce har ranar ƙarshe. Ta yi dariya, ni ina kuka.

Ina yarinya na ɗauka labarin na kuraye ne, na ban tsoro. Yanzu na gane na mutane irina ne. Waɗanda suka buɗe ganuwar yamma ba ɓarayi ba ne. Mata ne masu goyo, masu mai a wuta, masu cewa bayan damina. Kuma abin da ya fi ci mini rai, tafiyar da na yi shekara talatin ina tsoro, kwana biyu ce kawai.

Na gaya wa Isa. Ya ce, "Yaya, ɗakin da nake kwana da iyalina zan fasa don dutse?" Ban ga laifinsa ba. Ban ma san a wace kusurwa yake ba, sai an tona duka. Iya Dije ta tsufa ƙwarai, kuma ban ga wata a bayanta da ta san gurbin kowa ba. Ni ma gwiwata ba za ta ƙara hawa tsauni sau da yawa ba.

To kai da ka zauna ka ji, gaya mini tsakani da Allah: in kai ne, za ka sa a fasa ɗakin ƙanenka, ko za ka bar ramin nan a buɗe da sunan kakarka?