Littafin Bangal da Rabon Dawa

Shekarar da gero ya ƙone tun bai fid da kai ba, ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta wani ƙauye kusa da Cake. Mulki na hannun soja, kowa na auna maganarsa. Da la'asar nakan tara matan gari in koya musu baƙi. In sun gaji, sai in ɗauko wani tsohon littafi da na samo a Tasawa, gajerun labaran ƙasar Bangal ne cikin Faransanci, ina karantawa ina mayar musu da Hausa.

Labaran farko na zamanin kakanni ne, matan ciki haƙuri kawai suke, su yi kuka a bayan ɗaki. Na baya-bayan kuwa mata ne suka rubuta, kuma matan ciki sukan buɗe baki. Wata mai saƙar tabarma, wadda mijinta ya rasu da rani, ta tambaye ni, "Malama, su waɗanda suka yi maganar, an ƙyale su?" Na ce wasu dai an ƙyale su.

Ran da kamyon, babbar motar dawar taimako, ya zo, magidanta maza kaɗai ake kira. Rabon gidan mai tabarmar nan ƙanen mijinta ke amsa, ya tsakura mata abin da ya ga dama, ga ɗiya huɗu. Ni aka ba kaye, littafin sunaye, ina tsaye gefen tebur, sai na hango ta tana ratso layin maza. Wani soja ya gitta mata bindiga.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa sarjan ɗin da ke kula da rabon, "maigidana yana ƙasa. Ni ke hura wuta. A rubuta ni."

Ƙanen mijin ya ce, "Yaya, koma gida, kar ki jawo mana."

Ba ta ko dube shi ba. Sarjan ya juyo wajena. "Madam, wa ke koya musu wannan?"

Na ce, "Yunwa ce, ranka ya daɗe."

Ya daɗe yana kallona kafin ya ce in rubuta ta. Na ɗauki biro na rubuta sunanta.

Bayan mako guda daraktan lakwal ya kira ni, ya ce daga hukuma a Mayahi an ce a dakatar da karatun mata. Ban yi gardama ba, tsoro nake ji. Da rabo na biyu ya zo, mata gwauraye uku suka shiga layin. Aka rubuta ɗaya, aka kori biyu.