Da Gayya Yaya Rabi Ta Zauna a Librebil

Laraba, Kano zuwa Legas

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fita daga gida, Inna tana bisa dardumarta. Ta riƙe hannuna ta ce, "Hadiza, ki dawo min da Rabi."

Shekara biyu ke nan da rasuwar mijin Yaya Rabi a Gabon, an yi an yi ta dawo, shiru. Sai 'yarta A'isha, haihuwar can, ta aiko da saƙon murya: "Mama ta zauna da gayya." Wannan kalma ta hana Inna cin abinci. Ni kuwa na cika fam, na shirya mata faɗa tun daga filin jirgi.

A Legas na yini na kwana a kan benci, na ci shinkafar da tsadarta ta fi daɗinta.

Alhamis, Librebil

Mun sauka sha ɗaya saura kwata na safe, ana ruwa. A'isha ta tare ni. A nan kai ne za ka faɗa wa direban tasi unguwa da abin da za ka biya, in ya yi hon ya yarda. Uku suka wuce mu ko kallo. Na huɗu ɗan Maraɗi ne, ya karɓi jaka biyu, wato sefa dubu biyu, zuwa unguwar Nzeng-Ayong.

"Hajiya, gidan wa?"

"Gidan Rabi mai masa."

"Uwar gayya? Ai da kin faɗa tun farko!"

Jandarma suka duba fasfona a hanya, muka wuce. Da na ga Yaya, faɗan ya tsere, kuka kawai muka yi.

Asabar, Alibandeng

Bakwai na safe Yaya ta ce in ɗauki kaskon masa in biyo ta. Muka je gidan wata Salamatu 'yar Garwa, wadda jikin mijinta ya shanye, ga yara huɗu. Na tarar da mata sun fi ashirin. Wata ta kawo benci, wata murhu, maza biyu suna buga kwanon rumfa. Har da wata 'yar ƙasar, Maman Odette, da buhun gawayi a kai. Yaya ta durƙusa tana koya wa Salamatu kwaɓa ƙullu.

"Kada ki yi sauri, 'yar'uwa. Nan ƙasar zafi da laima, ƙullu da wuri yake tashi."

Na tambayi A'isha mene ne wannan.

"Anti, gayya mana! Ita ma Mama haka aka yi mata rumfarta. Duk Asabar sai an tayar da mutum ɗaya."

Innalillahi! Ashe "saboda gayya" yarinyar take nufi. Na yi dariya har da hawaye, kunya kuma ta rufe ni. Kafin azahar Salamatu ta sayar da masarta ta fari.

Da yamma Yaya ta ce, "Ina kewar Inna, Allah ya sani. Da azumi zan zo. Amma akwai mata shida da ke jiran Asabar ɗinsu."

Talata, Kano

Biyar na yamma na shiga gida ni kaɗai, alhamdu lillahi, Allah ya saka wa mutanen Librebil da alheri. Inna ta leƙa bayana, ba kowa. Na kwashe labari na faɗa mata. Sai ta tambaye ni:

"In ta kwanta ciwo, akwai mai ba ta ruwa?"

"Inna, sai sun yi layi."

Ta share ido da gefen mayafi. "To, a bar min ita can."