Igiya a Hannun Yaya

Rijiyar Tafoki ce ta farko da na haƙa bayan an yi mini baftisma, a shekarun da aka fara raɗe-raɗin Turawa za su tafi. Gidanmu Maguzawa ne, haƙar rijiya muka gada. A al'adarmu kafin dagi ya taɓa ƙasa sai an yanka wa iskokin wurin baƙin zakara. Na ce ba zan yanka ba, na riga na zama na Almasihu. Mai garin, wani dattijo Musulmi, ya ce shi ruwa yake so, ba ruwansa da zakara. Wanda abin ya tsaya wa a rai yayana ne, kuma shi ke riƙe igiyar da ke ɗaure a ƙuguna.

Tun ranar ya daina yi mini magana. Ya zuro kwando, in cika, ya ja. Mai bisharar da ya koya mini karatu a Ƙanƙara ya taɓa ce mini shi wa'azi aka kira shi ya yi, ni kuwa dagi ne kirana, kada in raina. Na riƙe maganar da taurin kai irin nawa. Duk kwandon da ya tashi sai in ce, "Na gode, Ubangiji," da ƙarfi kuma. In faɗi gaskiya, rabi don Allah ne, rabi don in ƙular da Yaya.

Da zurfin ramin ya kai gaba takwas, bango ya fara zubo mini tsakuwa a wuya ba tare da an taɓa shi ba. Matan da ke zuwa leƙe suka ɗauke ƙafa. In na ɗaga kai sama ta koma kamar faifai, ga kan Yaya baƙi a gefe, ba na ganin fuskarsa. Na ji tsoro ƙwarai, kuma ba na iskoki ba. Mutumin da ke ganin na jawo wa gidanmu bala'i, me zai hana hannunsa ya yi sanyi?

A gaba goma, da hantsi, fitilar da nake ajiyewa a kogon bango ta yi ja, ta mutu. Na san ma'anar haka, iskar ramin ta ɓaci, kamata ya yi in girgiza igiya a fitar da ni. Sai na ce bari in ƙarasa kwandon nan, kada a ce tsoro ya koro ni. Na cika shi ya tashi, na buɗe baki in yi godiya, harshe ya ƙi. Kunnuwana suka ɗauki ƙara, dagi ya fi ƙarfina.

Na farfaɗo a gindin ɗorawa ana yi mini fifita. Yaya na zaune ya shanya tafukansa bisa gwiwa, igiyar rama ta saluɓe fatar gaba ɗaya. Shi kaɗai ya jawo ni kafin mutane su iso.

Na ce, "Wa ya hwaɗa maka, Yaya? Ban girgiza ba."

Ya ce, "Kwando ya taho, surutunka bai taho ba. Yanzu za ka yanka zakaran?"

"Ba ni yankawa."

Ya tofar da yawu gefe.

Kwana uku muna zura rassan ganye a ramin muna ja don iskar ta sake. Rana ta huɗu muka zura fitila ta dawo da wuta, ko da yake tana rawa. Hannuwan Yaya na naɗe da tsumma, ko ƙwarya ba ya iya riƙewa, na ce a nemo wani ya riƙe mini. Sai Yaya ya sa aka ɗaure ƙarshen igiyar a ƙugunsa, ya zo daf da bakin rijiya ya kafe ƙafafu.

Ya ce, "Sauka. In Almasihun naka ya sake ka, mu biyu rijiyar ga za ta ci."

Na zura ƙafa, ina jin nauyina yana jan sa.